Motar Da Ba Ta Da Kujerar Baya

Kwana uku na yi da motar kafin in yarda in kai ta ƙofar gidan su budurwata Auta, kuma a kwanakin nan uku babu titin da ban zaga da ita ba sai layinsu.

'Yar ƙarama ce, ja wur, kujera biyu rak. Rufinta na tamfol ne. Ka ɓalle maƙalai biyu a saman gilashi, ka tura shi baya da hannu ɗaya, shi ke nan, ga ka a waje alhali kana zaune cikin mota. Ranar da na fara shiga sai da na yi dariya ni kaɗai, don ji na yi kamar a kan kwalta aka ajiye ni. Tayar tirela ta fi kaina tsawo. In an tsaya a danja, salansar bas daidai hancina take, in shaƙi hayaƙi in ƙoshi, amma ko a jikina.

Sitiyarinta ba ya gardama, kana taɓa shi ta juya. Giyar gajeriya ce, da 'yan yatsu ake sa ta. In na taka totur sai ta yi wani gurnani a bayan kunnena, in ji shi har cikin haƙarƙarina. Hula biyu iska ta sace mini a rana ɗaya, ta biyun ina kallo ta madubi wata mota ta bi ta kanta. In na bar ta a rana a buɗe, kujerar sai ta gasa mini baya. In na zo tudun rage gudu sai na karkace in hau shi a hankali, duk da haka sai cikinta ya karta, ni ma gabana ya faɗi. But ɗinta kuwa, jakar kayan aikina kawai na sa ya cika.

Duk na ga waɗannan, duk kuma na yafe mata. Gaskiya ina son motar, har yanzu da nake wannan magana ina son ta, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni kunya.

Ni mai fentin mota ne, kowa Fenta yake ce mini, har mahaifiyata in tana jin tsokana. Shekara goma sha ɗaya ina gyara wa motocin mutane fuska, tawa kuwa wata doguwar akwalar mota ce mai ƙofa a baya, kowace ƙofa da kalarta, don ragowar fentin mutane nake shafa mata. Wani mutum ya kawo jar motar in sabunta mata fenti, ya ga yadda nake lallaɓa ta, shi kuma yana neman motar da za ta riƙa kai masa kaya gona. Muka yi musaya, na haɗa masa da aikin wasu motocinsa biyu.

Mai waldan da muke gareji ɗaya dattijo ne marar yawan magana. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa bayan kujerun, ya ɗago.

"To Talata fa?" ya ce.

"Za a san yadda za a yi."

Ya mayar da baƙin gilashinsa kan ido ya ci gaba da aikinsa. Tun daga nan na daina yarda mu haɗa ido.

Ga abin da ke cikin Talata. Mahaifin Auta, Abba, tsohon hedimasta ne. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Duk Talata ana kai shi asibiti a yi masa gashin ƙashi, kuma ni ke kai shi. Mutum ne mai tsare girmansa. An ce da yana da lafiya, gyaran muryarsa kawai kan sa makaranta ta yi tsit. Abin da ya tsana a duniya shi ne a ga ana ɗaukarsa.

Saboda haka muka tsara abinmu. In shigo da akwala da baya har cikin gida, a rufe get, in ɗauke shi in kishingiɗar da shi a kujerar baya, kekensa ya shige ta ƙofar baya, Auta ta zauna kusa da shi tana tallafe da kafaɗarsa. A asibiti in zaga ta bayan gini, inda ake sauke kaya. Akwala ba ta da mai kallon ta sau biyu. Shekara biyu cur babu baƙon idon da ya taɓa ganin Hedimasta a hannun wani.

A wannan tafiyar ce kawai nake ganin Auta da kyau. Dokar Abba ce, babu fita mu biyu. To, sai hira ta madubi. In kalle ta a madubi, ta harare ni a madubi, Abba ya rufe ido kamar mai barci, alhali duk abin da muka faɗa yana kunnensa.

Babban wanta, Yaya, wanda gidan ke hannunsa yanzu, ba ya ƙaunar ko jin sallamata. Yaya yana da nasa ɗan takarar, abokinsa Barista, mai babbar baƙar mota da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Kullum maganar Yaya ɗaya ce, wai ƙanwarsa ta yi karatu, ba za ta ƙare a gidan da ake wanke hannu da fetur ba. Dangi duk sun bi bayansa. Mutum ɗaya ne ya hana a rufe maganar, shi ne Abba. Duk sanda aka taso da ita sai ya ce, "A bar mini yaron nan." Wannan kalmar ce kaɗai ta riƙe ni a gidan.

In an tambaye ni me ya kai ni musaya, cewa nake Barista ne ya tunzura ni. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wata rana ya tsaya ya daɗe yana kallon akwala, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko ƙofofin daga mota ɗaya suka fito. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Na haɗiye maganar, amma ba ta wuce mini ba.

Sai dai ba wannan ne duka dalilin ba, kuma ni na sani.

Talata ta zo. Na iso da rufin a buɗe, ina ta faɗa wa kaina cewa ƙila keken zai shiga but in an naɗe shi. Na san ba zai shiga ba. Tun ranar farko na auna da ido, kuma idon mai fenti ba ya kuskuren awo.

Auta ce ta buɗe get. Ta ga motar, idonta ya yi haske, ta kai hannu baki. Sai kuma ta waiwaya ta kalli baranda, inda Abba ke zaune a kekensa an shirya shi tsaf, hula a kai, bargo a cinya. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce mini ko sannu ba.

Yaya ya fito yana ɗaura agogo. Ya ja ya tsaya.

"Ikon Allah! Mai fenti, ta wasan yara ce ka samo, ko ragowar tana hanya? Ina akwalar?"

"Na yi musaya da ita, Yaya."

"Ka yi musaya." Ya zagaya motar yana murmushi. "To a ina za a sa Abba? A ina za a sa keke? Ita Auta a kan bonet za ta zauna?"

Ya ciro waya, murnarsa ko ɓoye ta ba ya yi. Ba a yi minti goma ba sai ga Barista, kamar dama a bayan layi yake jira. Ya durƙusa ya gaida Abba.

"Abba, ga mota nan, akwai wuri, akwai sanyi a ciki. Dama na daɗe ina roƙon a ba ni wannan ladan."

Abba bai kalle shi ba, ni yake kallo. Tun da ciwon ya same shi maganarsa a hankali take fita, ɗaya bayan ɗaya, amma ana ji.

"Da wa... nake zuwa... kullum?"

"Da Fenta, Abba," in ji Auta.

"To."

"Haba Abba," Yaya ya ce, "motar nan fa ba ta..."

"Na ce... to."

Don ya rufa mini asiri a gabansu ya yi haka. Na gane sarai. Da ina da sauran hankali da na durƙusa na ce a'a Abba, shiga ta Barista, yau kawai. Amma girman kai ya hana ni, ban so Barista ya ci ko Talata ɗaya ba. Na sunkuya na ɗauke shi.

Sa shi a ciki bai yi wuya ba, tunda ta sama na zura shi. Na so in jawo rufin, sai ya tokari kansa, don ba ya iya sunkuyar da wuya. Dole aka bar shi a buɗe. Keke da Auta da Yaya suka shiga motar Barista. Ina kallo Barista ya buɗe mata ƙofar gaba, Yaya ya shige baya da kansa ba tare da an ce masa ba.

Abin da ban zata ba shi ne Abba zai ji daɗin tafiyar. Da muka hau babban titi iska ta bugi fuskarsa, ya lumshe ido, ya dafe hularsa da hannun hagu. Shekara biyu a kishingiɗe yake tafiya, rufin akwala kawai yake gani. Yau ga bishiyoyi, ga benaye, ga sararin sama gaba ɗaya.

"Taka ta," ya ce.

"Na'am, Abba?"

"Taka... mana."

Na taka. Motar ta yi gurnaninta ta zabura, sai na ji wani sauti a gefena wanda ban taɓa ji ba. Abba ne ke dariya da rabin bakinsa, iska na kora masa hawaye zuwa kunne. Muka bar su Barista can baya. A raina na ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri, har na fara tsara yadda zan ba wa mai walda labari.

Na manta cewa keken yana wurinsu.

A bakin hanyar bayan asibitin akwai wani dogon tudun siminti. Akwala ba ta taɓa sanin da zamansa ba. Wannan kuwa na gwada ta dama, na gwada ta hagu, cikinta ya dafe ta ƙi hawa. Dole na dawo babbar ƙofa, inda masu jiran layi ke zaune a benci, ga masu sayar da lemo, ga direbobin tasi.

Jar mota a buɗe a gaban asibiti. Kafin in kashe ta an kewaye mu. Wannan ya shafa fenti, wancan ya tambayi gudunta, samari suka ciro wayoyi. Kwana uku ina shan irin wannan kallo ina jin daɗi. Abba ya sauke idonsa ƙasa.

"Fitar... da ni."

"Abba, keken bai iso ba. Mu ɗan jira."

"Fitar da ni."

Na buɗe ƙofa na sunkuya. A nan na gane cewa zura mutum daban, ciro shi daban. Kujerar tana ƙasa ƙwarai, ƙafarsa marar lafiya ta shige can ƙarƙashin gaban motar ta maƙale. Na ja, ya yi nishi. Na sake ja, na ɗago shi rabi, bayana ya amsa, muka koma tare. Hularsa ta faɗi kan kwalta. Bargon ya zame, wandonsa ya saɓule har abin da ake sa masa a ciki saboda fitsari ya fito fili. Yawu ya zubo ta gefen bakinsa, hannun da zai goge kuwa yana maƙale a wuyana.

Sai wani magidanci daga cikin taron, har da furfura a gemu, ya ɗaga murya.

"Kai! Wannan ba Hedimasta ba ne? Wallahi shi ne! Shi ya koyar da mu! Allah sarki, ashe haka ya koma?"

Na ji jikin Abba ya saki gaba ɗaya a hannuna.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai ji muryar Auta tana cewa, "Ku matsa! Don girman Allah ku sauke wayoyin nan!" Barista ya cire kwat ɗinsa ya rufa wa Abba, ya ce in kuɓutar da ƙafar, shi ya ɗaga ta sama. Da haka muka ciro shi. Ba zan yi wa Barista ƙarya ba, ko kallon banza bai yi mini ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ba a yi gashin ba ranar. A motar Barista aka mayar da Abba gida. Na biyo su a baya ni kaɗai, mutane na ɗaga mini hannu a hanya suna yaba mota, kafin in iso an rufe get.

Kwana huɗu ban taɓa jar motar ba. Na tura ta bayan gareji na lulluɓe. Na nemi mutumin da muka yi musaya, ya ce ai akwala tana gona, an cire mata kujerun baya ana jigilar taki. Na kira Auta ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka ba. Wata mota da aka kawo in yi mata fari sai da na sake ta sau biyu. Mai walda bai ce mini "na faɗa maka" ba, ruwa kawai yake ajiye mini a gefe ya wuce.

Rana ta biyar da la'asar saƙon Auta ya shigo, kalma uku: Abba na kiranka.

A bas na je. Ta tare ni a bakin get, idanunta sun kumbura sun yi ja, ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya.

"Tun ranar bai fito baranda ba," ta ce. "Ya ce ya bar gashin. Hoton ya zaga gari, Fenta. Tsofaffin ɗalibansa sai kira suke suna jaje, wasu har gida, shi kuwa ya ce a ce musu yana barci."

"Auta, ki yafe mini. Wallahi da na san..."

"Ka sani." Ta girgiza kai. "Kada ka fara da ni. Ka sani, ni ma na sani. Ranar da ka turo mini hotonta ka ce za ka ba da akwala ka karɓo ta, me na ce maka?"

Na kawar da kai.

"Cewa na yi ka karɓo. Na ƙirga kujerun, na ga biyu ne. Ka san abin da ya zo raina? Na ce yau dai ga wurin da babu mai zama a tsakaninmu. Na hango ni da kai a titi, babu keke, babu warin magani, babu kallon madubi." Kuka ya ci ƙarfinta, ta dafa ƙarfen get. "Ubana fa, Fenta. Mutumin da ke saɓa ni a wuya ya kai ni aji. Na gaji da shi na minti ɗaya, minti ɗaya tak, dubi abin da ya jawo."

"Ba ke kika ɗauke shi kika sa a ciki ba. Ni ne."

"Da ya tambaya, wa ya ce 'da Fenta'? Ina ganin motar, ina ganin keken, na buɗe baki na faɗa."

"Ki daina, don Allah. Ki bar mini laifina ni kaɗai."

"Ba naka ba ne kai kaɗai, shi ya sa na kasa ɗaukar wayarka. In na ji muryarka kaina nake ji." Ta share fuska da gefen mayafi, wasu hawayen suka sake zubowa. "Jiya Yaya ya tara dangi. Sun ce a ba Barista amsa ƙarshen makon nan. Kullum yana gidan nan, yanzu ma yana falo. Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce sai ya yi magana da kai tukuna."

"To ai ga ni."

"Tsaya ka ji abin da nake so da kai." Ta rage murya. "In ya tambaye ka, ka ce ba ka yi tunani ba. Ka ce zumuɗi ne. Ka ce Barista ne ya ɓata maka rai. Abba yana yafe wauta, shekara talatin ya yi yana yafe wa 'ya'yan mutane wauta. Amma in ya san cewa da saninmu..."

"So kike in yi masa ƙarya?"

"So nake in aure ka!" Ta toshe bakinta ta waiwaya, sannan ta ci gaba cikin raɗa. "So nake in aure ka, kuma ba na so ya ƙare kwanansa da wannan a ransa. Bakinsa kaɗai ya rage mana a gidan nan. In ya cire shi, wallahi ba ni da ƙarfin ja da su duka. Ka yi mini alkawari."

Ban yi ba, ban kuma ƙi ba. Yaya ya leƙo daga baranda.

"In an gama wasan kwaikwayon, ana jira."

Ɗakin Abba labulayensa duk a sauke suke, sai warin man zafi. Kwalaben magani a kan tebur, littattafansa a jere a kanta har sama, shi kuma yana kekensa a gefen gado. A kwana biyar wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yaya ya jingina da bango ya harɗe hannu. Ƙafafun Auta ina hango su ta ƙasan labulen ƙofa.

Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri. Ya katse ni.

"Abin asibiti... ƙaddara ce. Ni na ce... a sa ni. Ni na ce... ka taka." Ya huta. "Na kuma ji daɗi. Ba shi ya sa... na kira ka ba."

"To, Abba."

"Kai... mai awo ne. Ka taɓa haɗa fenti... ba ka auna mota ba?"

"A'a, Abba."

"Kujera nawa?"

"Biyu."

"Da ka ƙirga... wa da wa... ka sa a ciki?"

Ga ƙaryar a bakina a shirye. Zumuɗi ne, Abba. Na san zai karɓa, ko bai yarda ba zai karɓa, don na ga a idonsa yana nema mini hanyar fita. Amma shekara biyu ina ɗaukar mutumin nan a ƙirjina, na san nauyinsa, na san inda ke masa ciwo. Na kasa.

"Ni da ita, Abba."

"Ni fa?"

"Ban sa ka ba." Hawaye suka ɓalle mini, ban ko yi ƙoƙarin tare su ba. "Na san Talata tana nan, na sani sarai. Gajiya na yi, Abba. Ba da kai ba... a'a, har da kai. Na so in ga ranar da zan ɗauke ta mu tafi, babu wanda za a ɗauka, babu wanda za a sauke. Na ga motar da ba ta da wurinka, na kuma so ta saboda haka."

Yaya ya ja tsaki. "Ka ji ko, Abba? Da bakinsa ya faɗa."

Abba bai kula shi ba. Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu.

"Na gode... ba ka yi mini ƙarya ba. Gajiya... ba laifi ba ce. Ni ma... na gaji da kaina." Ya daɗe yana numfashi. "Ita... ta sani?"

Nan kam na shirya yin ƙarya da zuciya ɗaya. Na buɗe baki in ce a'a.

"Na sani, Abba."

Labule ya ɗaga. Auta ta shigo ta zube kusa da ni.

"Ya tambaye ni kafin ya karɓo. Ni na ce ya karɓo. Ni ma na ƙirga, Abba."

Tawa maganar ya shanye ta kamar yadda ya saba shanye magani mai ɗaci. Tata kuwa ina kallo ta shige shi. Gefen fuskarsa mai lafiya ya yi rawa, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Auta," kawai ya ce.

Ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka tana cewa ya yafe mata. Bai ture ta ba, bai kuma dafa kanta ba. Ko Yaya jikinsa ya yi sanyi, ya sauke hannuwansa, da ya yi magana muryarsa can ƙasa ta fito.

"Abba, me za a ce wa Barista?"

Abba ya rufe ido.

"Zan kwanta," ya ce.

Jikina ya riga tunanina. Na miƙe na matsa, na zura hannu ƙarƙashin kafaɗarsa kamar yadda na saba.

"A'a."

Na tsaya a sunkuye.

"Sake ni." Ya buɗe ido ya dubi Yaya. "Kira... na falo... ya kama maka."

Na zare hannuna na ja baya har na jingina da kantar littattafai. Auta ta ɗago ta dube ni, ta dubi mahaifinta. Barista ya shigo yana naɗe hannun riga. Bai iya ba. Ta ɓangaren da ke ciwo ya kama, na ga Abba ya cije leɓe.

"Ta hagu ake fara kamawa," na ce a hankali.

Babu wanda ya waiwayo.